Fayafai Huɗu a Cinya Har Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, ko cajin waya ya kawo, sai ya ja benci ya ce in ba shi labari, wai an ce na je ƙasar waje aiki. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma ku sani tun yanzu, ba aiki ya kai ni ba. Ɓarnar da na yi da hannuna na tafi gyarawa, na kuma ƙaro wata a can.

Sunana Lawal, a Daura Injiniya ake ce mini, ni ma ban taɓa hanawa ba. Gyaran kwamfuta nake yi da haɗa bidiyon biki. Surukina marigayi Malam Tukur, mahaifin matata Hadiza, ya yi shekara goma sha ɗaya yana tafsirin azumi a masallacin unguwarsu. Bakwai na farko a kaset aka ɗauka, murya kawai. Huɗun ƙarshe ni na ɗauka da kyamarata, murya da hoto. Da Allah ya yi masa rasuwa bara, na tattaro kaset ɗin na juye su cikin kwamfuta, na haɗa da bidiyon, na zuba duka a fayafan ajiya guda huɗu.

A sana'armu akwai dabarar haɗa fayafai su yi aiki kamar guda ɗaya, ana ce mata RAID. Wani kati ake sokawa cikin kwamfuta ya ja ragamarsu, ni madugu nake kiransa. Haɗin iri-iri ne. Akwai wanda duk abin da ka zuba sai an rubuta shi sau biyu, in faifai ɗaya ya mutu ɗan'uwansa na nan, sai dai bai cika sauri ba. Akwai kuma wanda ake yayyanka abu a rarraba, kowane faifai ya ɗauki loma ɗaya. Wannan gudu gare shi kamar me, amma in ɗaya ya mutu duka sun bi shi. Ku da kuka san ni ba sai na faɗa muku wanda na zaɓa ba.

Ni ciwona gwada gudu. Katuna uku gare ni: wanda ya zo a jikin kwamfutar, da wani ɗan araha, da wani babba mai ƙwaƙwalwar kansa da na samo a Kano wurin masu tsofaffin kayan ofis. Akwai wani guntun bidiyo a filashina da na taɓa yankowa, ban ko kula da abin da ke ciki ba, girmansa kawai nake so. Sai in zuba shi a fayafan, in sa kwamfuta ta yi ta kwafarsa sau ashirin ina riƙe da agogo, in rubuta a littafi, in cire wannan kati in soka wancan in sake. Makonni na yi a haka kafin in zuba kayan Malam. Hadiza ta ce ko 'yan tantabara sun fi ni abin yi. Babban katin ne ya cinye gasar, ya bar sauran a baya nesa, na yi ta yawo da littafin ina nuna wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Rannan Yaya Bashari, babban ɗan Malam, ya tambaye ni ko karatun yana wuri mai aminci. Na ce masa ai a faifai huɗu yake. Na ga a fuskarsa ya ɗauka kwafi huɗu nake nufi, har ya sa mini albarka, ni kuwa daɗin albarkar ya hana ni gyara masa. Kaset ɗin duk sun tsufa, wasu sun yi fumfuna, kuma abin da ke ɗauke da ayoyin Allah ba a jefa shi a bola. Sai ya tara su ya ƙona, ya binne tokar a bayan gida. Kaset ɗin kyamara kuwa tuni na ɗora bukukuwan mutane a kansu.

Ruwan farko na daminar bana ya zo da tsawa, ta bi waya ta ƙone madugun nawa ƙurmus. Fayafan ba su yi komai ba, amma ba mai iya haɗa lomominsu sai kati irinsa sak. Na gwada sauran katunan biyu, kowanne ya ce bai san su ba. Ana cikin haka surukata Hajiya Yalwa ta aiko Hadiza ta gaya mini azumi ya matso, tana son a kawo mata Malam a talabijin ta riƙa gani bayan la'asar, kamar yana nan. Na ce an gama.

Mutumin Kano da ya sayar mini ya ce irin katin biyu ya taɓa samu, ɗayan wani Malam Isufu mai ɗakin ɗaukar murya a Damagaram ya saya. Na kira shi a waya. Ya saurare ni har na gama, ya ce katin yana cikin aiki ba zai aiko ba, amma in na zo ƙofa a buɗe take.

Kowa ya san hanyar Damagaram daga Daura ta Kongolam ce, ga ta nan kusa. Amma a tashar Kongolam babu direban da ban taɓa saka wa waƙa a waya ba, kafin in tsallaka labari ya isa gidan surukai. Sai na ce wa Hadiza zan je Baure gyaran kwamfuta, na manna wa fayafan lamba ɗaya zuwa huɗu, na naɗe kowanne a tawul, na ƙara da wani faifai babba da ba komai a ciki, na yi zagaye kamar ɓarawon akuya.

A motar Baure direba ya ce in kawo jakar a sa a but. Na ce ba ta shiga but, abin da ke ciki ba ya son girgiza. Wani dattijo mai fataucin shanu da ke gefena ya tambayi mene ne, ni kuma bakina da ba ya riƙe magana na ce tafsiri ne. Shi ke nan na jawo wa kaina. Ya ce in haka ne ba ta shiga but, ba ta kuma sauka ƙasa kusa da takalman mutane. Wani matashi mai guntun wando ya ce ai ba rubutu ba ne, ƙarfe ne, hukuncinsa daban. Suka kaure da musu har Zango, kowa na jawo hujja, matan da ke kujerar baya suna dariya ƙasa-ƙasa. Can dattijon ya juyo ya tambaye ni ko ina da alwala. Na ce babu. Aka tsayar da mota, na sauka na yi alwala a bakin titi da butar direba, mutum tara suna kallona ta taga. Daga nan jakar ba ta sake barin cinyata ba.

Daga Baure na kama wata zuwa Babban Mutum, daga can sai babur zuwa iyaka. An yi ruwa jiya, hanya ta jiƙe. Na gaya wa mai babur ya yi sauri, sau uku ina faɗa, a na huɗu ya ji maganata. Muka shiga wani kwari, ƙafar baya ta zame, muka kwanta. Na ɗaga jakar sama da hannu biyu, na bar sauran jikina ya ji da kansa. Farar shaddar da na sa don in isa ƙasar mutane da kwarjini ta koma kalar kunun kanwa. Mai babur ya tashi ya kakkaɓe, ya tuƙa sauran hanyar a hankali yadda ya so tun farko.

A tsallaken iyaka wani jami'i ya sa na buɗe jakar. Ya ɗauki faifai mai lamba uku ya jujjuya, ya kara a kunne, ya tambayi ina lasifikarsa. Da na ce karatun wani malami ne da ya rasu, sai ya miƙe tsaye, ya maido mini da hannu biyu, ya ce in sa shi a addu'a, matarsa na da tsohon ciki. Ya ɗauka ni ne magajin malamin. Na ɗaga hannu na yi masa addu'a da taɓo har gemu, ina jin kunyar Allah.

Tashar Magariya ce ta fara koya mini zama. Motar Damagaram saura mutum huɗu ta cika, na yi ta zagaya ta ina duba agogo. Direban yana kwance a tabarma ƙarƙashin bedi, ya ɗago kai ya ce, "Najeriya, zauna. Mota ba ta tashi don an tsaya a kanta." Na zauna. Aka kawo mini burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, amma da na tsoma a miya sai ga shi na cinye guda. Hausarsu tamu ce, sai dai inda mu muke cusa Turanci su Faransanci suke cusawa, kowa kuma yana ganin na ɗan'uwansa ne abin dariya. Mun tashi bayan azahar, da buhunan gero a sama da wata tsohuwa da ta yi barci a kafaɗata tun daga Bande.

Malam Isufu dogo ne siriri, yana magana kamar mai auna kowace kalma a mudu. Ya dubi shaddata bai tambaya ba, ya aiko mini da jallabiyarsa, wadda ta ja ƙasa a jikina. Ya sauke ni a ɗakin baƙi kusa da zaure, maiɗakinsa ta aiko da dambu da kilishi da fura mai sanyi. Ni so nake a kunna kwamfuta nan take, shi kuwa ya hura gawayi ya ɗora shayi. Shayinsu hawa uku ne, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Mu nan a tsaye muke kurɓe kofi a teburin mai shayi mu wuce. Na sha na farko mai ɗaci ina karkaɗa ƙafa, ya ce aiki sai da safe.

Da safe ya buɗe kwamfutarsa, sai ga ɗan'uwan katina, har da irin tabon man da ke gefe. Shi haɗin rubutu sau biyu ya yi wa nasa fayafan. Ban iya yin shiru ba. Na ce ya sayi doki ya ɗaura masa amalanke, na zaro littafina na nuna masa layi-layi, ga abin da kowane kati ya yi, ga yadda haɗina ya ninka nasa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, cikin ladabi.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Ina layin da ka rubuta wanda ya fi daɗewa bai mutu ba?"

Na ce ban kai nan ba tukuna.

Ya cire nasa ya jera a kan tawul, muka jona nawa bisa lamba, ya yi bismillah ya kunna. Katin ya gane su. Sunayen shekarun Malam suka fito a jere, goma sha ɗaya cif. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Malam Isufu kuwa kunne ya kara a jikin kwamfutar, ya daɗe, ya ce mai lamba uku yana jan numfashi, ya gaji, ba a san sauran kwanansa ba. Na san da haka. Tun kafin tsawar nake jin ɗan sautin, ina cewa fanka ce.

Matsalar da ta rage wayar da za a jona babban faifan da na zo da shi, wanda za a juye kayan a kai. Na manta tawa a Daura, tasa kuma tana wurin wani abokinsa. Rana ta take, kuma a can da rana ta take gari ya kan rufe, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta sai wajen la'asar. Ya ce zai bi abokin har gida. Ba zai kashe kwamfutar ba, don ba ya son a sake tada faifan daga sanyi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, kada ka taɓa komai."

Na zauna ni kaɗai. Ga kati irin nawa a kwamfutar da ta fi tawa ƙarfi, ga fayafaina a jone, ga filashi a aljihu, ga littafi da sauran fili a ƙasan shafi. Na ce a raina minti biyu ne. Allah ya aiko mini da gargaɗi, domin madannan kwamfutarsu a hargitse suke, inda muke da wannan harafi su wani ne, komai kuma da Faransanci. Mai hankali da nan ya haƙura. Ni na yi ta lalube har na gano hanya, na zuba guntun bidiyon, na danna, na riƙe agogo.

Gudun ya fi na gida. Ina murmushi ina rubutawa. A zagaye na goma sha uku na ji ƙwas, sai kuma ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Na tsayar da gwajin, amma sautin bai tsaya ba.

Malam Isufu ya shigo da waya a hannu. Ya ji sautin, ya dubi allon, ya dubi littafin a buɗe da biro a kai. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya kashe kwamfutar, ya juyo da fanka kan fayafan, ya fita ya yi alwala. Na bi shi masallaci a baya kamar wanda aka kamo.

Bayan la'asar ya jona babban faifan ya kunna, faifai na uku ya tashi da ƙyar. Na ce a fara da bidiyon. Ya ce a'a, ƙanana za a fara kwashewa, abin da ya samu ya samu, kuma daga yanzu hannuna ya zauna a aljihu. Shekarun kaset bakwai murya ce kawai, ba su da nauyi. Muka zuba ido suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, faifan na ƙwanƙwasa yana ci gaba, har ta bakwai ta shige. Ya ɗora bidiyon shekara ta takwas. Bai kai ko'ina ba faifan ya yi wani ɗan kuka ya yi shiru. Muka gwada har magariba, muka sake gwadawa washegari. Sauran ukun lafiyarsu ƙalau, amma ba abin da za su iya faɗa ba tare da shi ba. Garin neman gira na rasa ido: shekara huɗu na fuskar Malam sun tafi, ni kuma na samu lamba ɗaya a littafi.

Sai a shayi na biyu ya sake yi mini magana. Ya tambayi wane abu ne ma nake ta kwafa haka. Na ce wani guntun bidiyo ne, ban san mene ne ba. Ya ce mutum ya kwafi abu sau ɗaruruwa bai taɓa kallonsa ba? Ya karɓi filashin ya buɗe.

Malam ne. Ranar farko ta azuminsa na ƙarshe, kafin a fara karatu. Yana zaune a kan buzunsa yana goge tabarau da bakin rawani, ana jin motsina a bayan kyamara ina ta gyara ƙafarta. Ya ɗago ya dubi cikin kyamarar sosai, ya yi dariyar nan tasa da ke girgiza kafaɗa, ya ce, "Lawal, abin naka ya fara ɗauka? Bi a hankali, ba inda za mu." Sannan ya buɗe littafi, mai jan baƙi ya fara, aka yi kamar minti goma sha biyar, ya yanke.

Na kifa kai a gwiwa na yi kuka a gidan mutane, cikin jallabiyar aro. Malam Isufu ya bar ni sai da na gama, sannan ya miƙo mini shayi na uku.

Ta Kongolam na dawo, don ba sauran abin ɓoyewa. Hadiza na fara gaya wa, tun daga ƙaryar Baure. Ta ce ba ita zan gaya wa ba. Muka tafi gidansu tare. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Hajiya, Yaya Bashari na tsaye, na faɗi komai, har maganar faifai huɗu da na bari ya fahimta a karkace, har gwajin da na yi bayan an ce kada in taɓa. Yaya Bashari ya ce shi da hannunsa ya kunna wa kaset ɗin ashana saboda maganata, ya juya ya fita, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ban ga laifinsa ba.

Hajiya ta ce kaset ɗin da aka ƙona kowanne shi kaɗai yake magana, ba ta taɓa jin abin da sai sun taru su huɗu kafin su ce bismillah ba. Na ce haka ne. Na gaya mata muryar shekara bakwai ta dawo, kuma na bar kwafi a Damagaram, zan kai wani Mashi wurin ƙanin Malam. Sannan na jona filashin a talabijin.

Ta kalla ba ta motsa ba. Da ya yi dariyar, Hadiza ta toshe baki ta fita tsakar gida. Ya ƙare, Hajiya ta ce a mayar. Na mayar. Sau uku.

"Wannan ɗin," ta ce, ba ta dube ni ba, "a wuri nawa yake?"

Sai a lokacin na tuna. Duk kukan da na yi a Damagaram, da duk alkawuran da na ɗaukar wa kaina a mota, ban kwafe shi ko'ina ba, kuma wanda na zuba a fayafan ya tafi tare da su.

"Ɗaya ne, Hajiya."

Ta miƙo hannu. Na zare filashin na ɗora mata a tafi. Ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ƙulli biyu, ta ce in ina son in kwafa in ɗauko kwamfutar in zo nan gabanta, kuma in bar agogon a gida.